Tokar Goshin Nusaiba

Ranar Larabar nan na isa ƙofar makarantar Madam Veronika tun ba a tashi yara ba, abin da ban saba ba. So nake in kai Nusaiba gida fes, hijabinta a daidai, safarta a ƙafa, yadda ba wanda zai sami abin cewa. Babban yayanmu Magaji ya sauka daga ƙauye tun da safe, yana zaune a falon Anti Aishatu, uwar Nusaiba, a Unguwar Gano, kuma duk mun san abin da ya kawo shi. Zuwa ya yi ya ga yarinyar da idonsa, ya yanke ko za a bar ta a hannun uwarta, ko zai sa ta a gaba su tafi ƙauye wurin Inna, mahaifiyarmu.

Nusaiba 'yar yayana Murtala ce, wanda ya rasu bara a hatsarin mota a hanyar Zariya. Shi da kansa ya sa ta a makarantar, saboda tana kusa da asibitin koyarwa inda matarsa Anti Aishatu ke aikin jinya, kuma ana riƙe yara har iyaye su taso. Wani tsohon gida ne mai bene a wani lungu na Gyadi-Gyadi, an shafe shi da ruwan ɗorawa, an mai da ɗakunan kwana azuzuwa. Ta Kiristoci ce, ba a ɓoye ba, amma kusan rabin yaran 'ya'yan ma'aikatan asibiti ne Musulmi, har an ware musu ɗaki mai tabarmi da butoci. Yaya Magaji bai taɓa taka ƙofarta ba, kuma bai taɓa sonta ba. Muddin Murtala yana raye ya yi shiru. Da ƙasa ta rufe masa ido, sai maganar ta dawo sabuwa: 'yar Musulmi, marainiya, a makarantar coci, a hannun macen da ke kwana a wurin aiki.

Ni ne na buɗe baki a taron gida na ce, “Yaya, ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta a adaidaitata. Idona yana kai. Ranar da na ga wani abu, ni zan fara gaya maka.” Har da buga ƙirji na yi. Bakina ya sha jawo mini, amma bai taɓa jawo mini irin na wannan rana ba.

Aka buga ƙararrawa, yara suka ɓarke da gudu. Can na hango ta tana tahowa a hankali, tana taka ƙasa kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Da ta matso sai na ga dalili. A tsakiyar goshinta, ƙasan bakin hijabi, akwai wani baƙin abu, zane ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Ya ɗan dusashe, amma ba sai an gaya wa mutum siffar mene ne ba.

Na ce, “Nusaiba, mene ne wannan a goshinki?”

Ta ce, “Toka ce, Baffa.”

“Toka daga ina? Girki ake koya muku yanzu?”

Na zaro tsumman da nake goge gilashi, na tofa masa ɗan yawu, na miƙa hannu. Yarinyar da ko allura ba ta gudu, sai ta ja da baya, ta rufe goshin da tafukanta biyu ba tare da ta taɓa shi ba.

“Kada ka goge, Baffa. Don Allah.”

“Baba Magaji yana gida fa. Kin san shi.”

“Na sani.”

“To, wa ya shafa miki?”

Ta sunkuyar da kai. Na duba sauran yaran da ke wucewa, sai na ga wasu da irin tabon, wasu babu. Maigadi ma, wani dattijo mai fara'a da muke gaisawa kullum, ga nasa nan ɓaro-ɓaro, yana ɗaga mini hannu kamar ba abin da ya faru. Sai na rasa abin yi. In shiga in yi faɗa, ban san a kan me zan yi ba. In danne yarinya in goge da ƙarfi a gaban mutane, a ce wani ɗan adaidaita yana cin zalin marainiya. Na ce mata ta shiga, na tayar da mashin, na kama hanya ba tare da na san inda na nufa ba.

Mai tuƙi idan ya rikice, hannunsa wurin da ya saba yake kai shi. Ni nawa wurin Lawan mai faci ya kai ni, kusa da kasuwar Tarauni. Abokina ne tun muna sababbin zuwa birni, kuma a duniya ban taɓa jin an yi tambayar da ya ce bai san amsarta ba. Na ja shi gefe na nuna masa da ido. Ya leƙa cikin adaidaita, ya daɗe yana kallo, ya dawo yana girgiza kai.

“Ashiru, an gama. Hatimi ke nan aka buga mata.”

“Hatimin me?”

“Na shiga addininsu. Haka suke yi. Daga nan sai a canza mata suna.”

“Kai ka taɓa gani?”

“Ban gani ba, amma na ji.”

Lami mai awara, wadda ke suya a gefen rumfarsa kuma kunnenta ba ya hutu, ta ajiye matsami ta zo ta duba da kanta. Ta ce mu daina ruɗa kanmu, a garinsu baƙin tukunya ake ɗiga wa yaro a goshi saboda bakin mutane, wataƙila wata malama ce ta ga yarinyar kyakkyawa ta tausaya mata. Wani ɗalibin asibiti mai farar riga da ya zo sayen awara ya ce ai zai iya yiwuwa maganin makero ne, ko alamar an yi wa yara rigakafi. Lami ta ce masa ta rigakafi a ɗan yatsa ake sawa, ya koma ya ƙaro karatu. Kafin ka ce me, mutane sun fara taruwa, kowa da tasa fassarar, ita kuwa mai goshin tana zaune a kujerar baya, jaka a cinya, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Na zo neman amsa guda, na tashi da tuli, kuma ba wadda zan iya kai wa Yaya Magaji.

Wayata ta yi ƙara. Anti Aishatu ce, muryarta ƙasa-ƙasa, daga ji a kicin ta ɓuya.

“Ashiru, kuna ina? Yaya sai duba ƙofa yake yi.”

“Muna wurin mai faci, Anti.”

Ban yi ƙarya ba, ai a wurin mai faci muke. Ta ce, “Don Allah ku yi sauri. Ya tambaye ni ko ta iya karatun sallah, na ce ya bari ta zo ya ji da kunnensa. Ashiru, in ya tafi da ita ban san yadda zan yi ba.” Sai ta kashe wayar.

Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya. A raina na ce ai wanda ya shafa shi ya san abin da ya shafa. Na juya kan mashin na koma makarantar, ina shirya kalmomin da zan zazzaga wa Madam Veronika, har ina maimaita su a baki.

Madam Veronika mutuniyar kudancin Kaduna ce, amma a Kano ta yi furfura, Hausarta ta fi tawa tsabta. Na same ta a ofis tana cin gyaɗa, ga nata tabon a goshi, babba, har ya ɗan zubo kan gira. Na shiga ba sallama, na turo Nusaiba gaba na ce, “Madam, amanar ke nan?”

Ta dubi yarinyar. Gyaɗar da ta ɗauko ba ta kai baki ba. Na zaci za ta kare kanta ko ta raina mini hankali, sai na ga fuskarta ta fi tawa rikicewa, duk kalmomin da na shirya suka watse.

“Malam Ashiru, a ina ta samo wannan?”

“Ni kike tambaya? A gidanmu dai ba a rabawa.”

“A nan ma ba a rabawa. Zauna, don Allah.” Ta tashi ta tura ƙofa. “Yau ne farkon azuminmu, namu ba irin naku ba ne, rage ci ake yi. Da asuba muke zuwa coci, a shafa mana toka, kowa ya wuce harkarsa. Yaran da ka gani da ita, da iyayensu suka je kafin su zo nan. A makarantar nan ba a shafa wa kowa komai ba, ko ɗan Kirista, balle 'yar Musulmi. Da amanar iyaye nake zaune a unguwar nan. In maganar nan ta fita a karkace, ka san ba ni kaɗai za ta ci ba.”

Na sani. Na tuna taron da na baro a rumfar Lawan. Madam ta durƙusa a gaban yarinyar duk da nauyin jikinta, ta ce, “Nusaiba, ba dukan ki za a yi ba. Wace malama ce ta sa miki?”

“Ba malama ba ce.”

“To wa?”

Madam ta yi ɗan tunani, ta leƙa taga ta ce a kira mata Alheri. Alheri 'yar wata malamar makarantar ce, ajinsu ɗaya da Nusaiba, bencinsu ɗaya, kuma na san sunanta domin ba a yin tafiya daga makaranta zuwa gida ban ji shi ba. Ta shigo tana jan ƙafa, 'yar siririya mai kitso biyu. Tabon goshinta ya kusa ɓacewa, kamar an kwashe rabinsa.

Madam ta ce, “Alheri, ke kika taɓa goshin Nusaiba?”

“Ban taɓa da hannu ba, Madam. An ce ba a taɓawa.”

“To da me?”

Yarinyar ta matso, ta kama kafaɗun Nusaiba, ta jingina goshinta a nata, ta ɗan danna. Suka tsaya haka, hanci na gogar hanci. Sannan ta saki ta ce, “Haka muka yi. Ita ta ce in sam mata.”

Ni da Madam muka dubi juna. Ni dai ban san ko dariya zan yi ko faɗa ba. Ashe duk hatimin Lawan da baƙin tukunyar Lami, kyauta ce irin ta yara, yadda ake sam wa ƙawa alewa. Har na fara jin sanyi a raina, na ce to shi ke nan, a kawo ruwa a wanke mu tafi. Nusaiba ta sake rufe goshinta.

Madam ta ce, “Me ya sa kika roƙa, 'yata? Kin san ba taku ba ce.”

Alheri ce ta amsa. “Ta tambaye ni ta mece ce. Na ce mata in za a shafa, cewa ake yi ka tuna kai ƙasa ne, ƙasa za ka koma. Mamana ta ce don a riƙa tuna mutuwa ne. Sai ta ce in sam mata saboda Abbanta.”

A nan sai na yi muku bayanin wani abu. Ranar da Murtala ya rasu, Inna ta ce kada wanda ya gaya wa yarinyar, ta yi ƙanƙanta, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A ce mata ya yi tafiya Fatakwal da mota. Haka ake yi a wurinmu, haka aka yi mini lokacin da Babanmu ya rasu, ba wanda ya ga aibin abin. Aka kai ta gidan maƙwabta har aka share makoki. Tun daga ranar, duk gidan muka riƙe wannan magana, manya da yara. In ta shigo ana zancensa, sai a juya zuwa tsadar shinkafa. Ita kuma ba ta taɓa tambaya ba, mu kuwa muka ɗauka dabararmu ce ta yi aiki.

Na ce, “Nusaiba, ai Abbanki tafiya ya yi.” Ni kaina na ji yadda maganar ta fito ba ƙarfi.

Ta ɗago ta dube ni, ba kuka, ba fushi. “Baffa, takalminsa ne a ƙafarka.”

Na dubi ƙafata. Baƙin takalmin Murtala ne, sau-ciki, wanda ya faɗo a rabona da aka raba kayansa. Kullum da shi nake zuwa ɗaukar ta.

Ta ce, “Agogonsa kuma yana hannun Baba Magaji. Na san ya mutu. Ina yin shiru ne don in na ce Abba, Ummi sai ta shiga banɗaki ta daɗe.”

Madam Veronika ta juya ta fuskanci bango tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ni. Mu garada da dattawa mun shekara muna ɓoye wa yarinya abu, ashe ita ce take ɓoye mana. Kuma ban san a kan wa zan ɗora laifi ba. Na zo da niyyar kama Kiristoci da satar mana 'ya, na tarar maganar da ta ja ta ita ce wadda limaminmu yake faɗa a bakin kabari. Sai dai tokar ba tamu ba ce, siffar da ke goshinta ba tamu ba ce, kuma Yaya Magaji yana can yana duba ƙofa.

Muka fito. A cikin adaidaita, kafin in tayar, ta ce, “Baffa, a ina aka sa shi?”

“A maƙabartar Tarauni.”

“Da nisa?”

Ba nisa. Kullum ta gefen katangarta muke wucewa, safe da yamma, ni ina ƙara wuta don kada idona ya sauka a kanta. Hankali ya ce in tafi gida. Hannuna ya karya kan mashin ya bi ta can.

Mata ba sa shiga, balle yarinya, don haka na tsaya a jikin katanga inda ta ɗan yi ƙasa, na ɗaga ta na ɗora a wuyana. Ta riƙe kaina da hannu biyu. Ta ce, “Wanne ne?”

Na yi ɗage na leƙa. Ranar jana'iza na san a kusa da wata darbejiya muka tsaya. Yanzu na ga darbejiya ba ɗaya ba, kuma inda na san fili ne duk ya cika da sababbin kaburbura, tudu bayan tudu, da fasassun tukwane, duk iri ɗaya. Na nuna wani wuri, na sauke hannu, na nuna wani. Da na so, da na zaɓi ɗaya na ce shi ne, ba za ta taɓa ganewa ba. Amma a ranar bakina ya gaji da irin wannan.

Na ce, “Ban gane shi ba, Nusaiba. A wajen can ne dai, amma ban san wanne ba.”

Ta daɗe tana kallo. Na ji ɗigon ruwa mai ɗumi a tsakiyar kaina, wani ya biyo. Masu wucewa suna kallonmu, wani mai kurar ruwa har ya tsaya. Can ta ce, “Sauke ni. Yanzu ka goge in kana so.”

Na sayi ruwan leda na jiƙa tsumma. To, ashe toka da hawaye da zufa sun riga sun yi aikinsu. Ina gogawa tana bajewa, ta bar goshi ta kama bakin farin hijabin, na bi hijabin da ruwa ya zama ruwan toka har kunne. Tsumman kuma da ma na gilashi ne, da nasa baƙin. Yarinyar da na yi niyyar kaiwa fes, na mai da ita kamar wadda ta kwana a gidan gawayi.

Haka muka shiga gida ana kiran la'asar. Yaya Magaji yana zaune a kan darduma a tsakiyar falo, ya ƙi kujera kamar kullum, carbi a hannu. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda ko a waya in zan gaishe shi sai na miƙe tsaye. Anti Aishatu tana bakin ƙofar kicin. Da ta ga fuskar 'yarta sai ta dafe bango.

Nusaiba ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya ƙura mata ido, sannan ya juyo gare ni.

“Mene ne wannan a fuskarta?”

“Yaya, ai wurin mai faci muka tsaya, to ka san baƙin taya...”

“Toka ce, Baba,” in ji Nusaiba. “Ta azumin su Alheri. A coci aka shafa mata, ni kuma na ce ta sam mini.”

Na rufe ido. A raina na ce shi ke nan, sai a fara haɗa mata kaya.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce da ni, “Kai ne mai ido a kai.”

“Ni ne, Yaya.”

“Malamansu ne suka sa ta?”

“A'a. Na je na bincika. Shugabar ma ba ta sani ba, ta fi ni tashin hankali.”

Ya koma kan yarinyar. “Ke ba ki san ba addininmu ba ne?”

“Na sani.”

“To me ya kai ki?”

“An ce ta tuna mutuwa ce. Ni kuma ina so in tuna Abbana, a gida ba a bari.”

Anti Aishatu ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Yaya ya dube ta, ya dube ni, idonsa yana tambayar wanda ya fasa maganar. Na ce, “Ba wanda ya gaya mata, Yaya. Ba mu ba, ba su ba. Ta ga takalmin nan a ƙafata. Ta ga agogo.”

Ya dubi tsintsiyar hannunsa. Ya daɗe a haka, carbin ya tsaya. Ni dai ina tsaye kamar an dasa ni, ban san ko in zauna ko in fita ba, kuma har ga Allah ban san abin da nake fata ya ce ba. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa Yaya yana da gaskiya, yau toka ce, gobe wa ya sani. Wani ɓangaren yana kallon matar da ke zaune a ƙasa.

Ya ce a kawo masa buta da roba. Na kawo. Ya jawo Nusaiba gabansa, ya zare mata hijabin da kansa, ya zuba ruwa a tafinsa ya wanke mata fuska a hankali, da babban hannun nan nasa na noma, har bayan kunne. Ya goge da bakin rigarsa.

“Mu ba ma shafa toka,” ya ce. “Kada ki ƙara. Mu addu'a muke yi wa namu. Kin iya?”

“Na iya ta cin abinci da ta barci da ta shiga mota. Ta wanda ya mutu ba a koya mini ba. Ai an ce tafiya ya yi.”

Yaya ya ɗaga hannuwanta biyu ya haɗa a cikin nasa, ya ce ta faɗa bayansa. Allah ya ji ƙan Abbana. Ta faɗa. Allah ya haskaka kabarinsa. Ta faɗa. Daga bakin kicin aka ce amin cikin kuka, a fili, ba a tashi an shiga banɗaki ba.

Da suka shafa, Nusaiba ta ce, “Mun je wurin katangar, Baba. Amma Baffa bai gane wanne ne ba.”

Yaya ya ɗago ya yi mini wani kallo da ya sa na gwammace ƙasa ta tsage. Ya miƙe, ya naɗe dardumarsa, ya sa takalmi zai tafi masallaci. Har ya kai ƙofa bai ce komai a kan ƙauye ba, bai ce komai a kan makaranta ba. Ni da Anti Aishatu muka bi bayansa da ido, ba wanda ya iya tambaya.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“Gobe in za ka kai ta makarantar, ku tafi da ni, mu biya ta can,” ya ce. “Ni na shiga ramin na kwantar da shi. Na san wurin.”